Gidan Da Ke Ajiye Sanyin Dare: Yadda Maginan Hamada Suka Shawo Kan Zafi

A arewa maso yammacin Libiya, daf da inda iyakarta ta haɗu da ta Aljeriya da Tunisiya, akwai wani gari mai suna Gadamas. Sunan ba baƙo ba ne ga masu bin tarihin Kano, domin fataken garin sun daɗe suna keto Sahara da hajarsu har kasuwar Kurmi, wasunsu ma suka zauna cikin birni suka hayayyafa. Yau Gadamas gari biyu ne. Akwai tsohon gari na laka da itacen dabino, akwai kuma sabo na siminti, wanda gwamnati ta gina ta kwashe jama'a zuwa cikinsa a shekarun 1970 da 1980. Sabon garin yana da famfo, yana da lantarki, mota tana zuwa har ƙofar gida. Duk da haka, idan zafi ya kai maƙura, iyalai da dama sukan ɗauko mabuɗan gidajen kakanninsu su koma tsohon gari su wuni, saboda ɗakin da aka gina tun zamanin ayari, wanda ba shi da fanka balle na'urar sanyaya ɗaki, ya fi sabon daɗin zama.

Mutane sukan ce ai laka ce ke da sanyi. Laka kuwa ba ta haifar da sanyi ko kaɗan. Abin da ke aiki shi ne tsari guda wanda ya haɗa kaurin bango, da faɗin lungu, da tsayin rufi, da inda masu gida ke zama a kowane lokaci na yini. Kafin a gane tsarin, sai an fara gane irin zafin da aka yi shi dominsa.

Halin zafin hamada

Iskar hamada busasshiya ce, samanta kuma fes yake, ba gajimare. Da rana babu abin da ke tare hasken rana, sai ya sauka kai tsaye a kan ƙasa, har rairayi ya kai zafin da ba ya takuwa da ƙafa. Da dare kuma ƙasa takan saki zafin da ta sha ya tafi sararin sama. A garuruwan bakin teku irin su Legas da Fatakwal, gajimare da danshin iska suna tare wannan zafi su maido shi ƙasa, shi ya sa dare a can yake zuwa da gumi. A hamada babu mai tare shi. Saboda haka tazarar da ke tsakanin zafin azahar da sanyin asuba takan kai digiri 15 zuwa 20 a ma'aunin Salshiyas, wani lokaci ma ta wuce.

Ke nan hamada tana ba da sanyi kyauta a kowane dare. Matsalar ita ce yana zuwa lokacin da ba a cika bukatarsa ba, ya tafi da hantsi, daidai lokacin da ake nemansa. Aikin magini shi ne ya riƙe sanyin dare har ya kai shi azahar, ya kuma tsare zafin azahar a waje har rana ta faɗi. Duk sauran dabarun rassa ne na wannan.

Abin da bango ke yi

Zafi ba ya tsallake bango a tashi ɗaya. Ratsawa yake yi daga ƙwayar ƙasa zuwa ta kusa da ita, kuma ba ya wucewa gaba sai ya ɗumama inda yake tukuna. Idan bangon laka ya kai kaurin kamu guda, zafin da ya bugi bayansa da azahar yakan ɗauki awa goma ko fiye kafin ya iso cikin ɗaki. Kafin nan dare ya yi, waje ya huce, sai wani kaso na zafin da ke cikin bangon ya juya ya fice ta inda ya shigo. Wanda ya ƙarasa ciki bai kai wanda ya taso ba. Haka kuma sanyin asuba yake ratsa bangon a hankali, ya iso ciki da tsakar rana.

A ce waje ya kai digiri 43 da la'asar, ya sauka 25 da asuba. Cikin soro mai kauri ba zai kai 43 ba, ba zai kuma sauka 25 ba, sai ya riƙa kai kawo a kusa da 34. Idan aka buɗe ƙofa da taga da dare iska ta ratsa, aka rufe su da hantsi, zai sauka ƙasa da haka. Wannan ba sanyin firji ba ne, amma tazarar digiri tara ko goma ita ce tsakanin mai ƙailula da wanda barci ya gagara. Da hunturu kuma abin sai ya juya: bangon da ya sha rana shi ke ɗumama masu barci. Shi ya sa tsofaffi ke yabon soro da cewa yana da sanyi da bazara, yana da ɗumi da ɗari.

Rufi ya fi bango shan wahala, domin a wannan yanki na duniya rana tana tsayawa kusan a tsakar ka. Maginin Hausa yakan jera azarar giginya, wadda gara ba ta cika ci ba, ya shimfiɗa zana ko asabari, sannan ya zuba ƙasa mai kauri a kai. Da yake azara ba ta ɗaukar nauyin ƙasa idan tazarar ta wuce kimanin mita biyu, sai magina suka ƙirƙiro bakan gizo da ɗaurin guga, suna ɗaure guntayen azara ɗaya bisa ɗaya cikin laka har su haɗu a sama. Da wannan fasaha Babban Gwani Muhammadu Durugu ya rufe masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19. Tulluwar da ake samu ta haka tana da wani amfanin bayan ƙawa: iska mai zafi ba ta kai mai sanyi nauyi ba, sama take hawa, sai ta taru a ƙoƙon rufin nesa da kan mutane.

Kwano da bulon siminti mai rami ba su da wannan haƙuri. Kwano siriri ne, cikin 'yan mintoci yake ɗaukar zafi ya watsa shi ƙasa, bulo mai inci shida kuma ba shi da naman da zai jinkirta komai. Zafin azahar a irin wannan ɗaki da azahar yake shigowa.

Sai dai bango mai kauri yana da nasa sharaɗi. Zafin da ya riƙe da rana da dare yake sakinsa, don haka a tsakiyar bazara ɗakin da ya yi daɗi da azahar yakan yi ɗumi bayan isha'i. Mutanen hamada ba su ɗauki wannan a matsayin aibi ba, sai suka riƙa bin sanyi duk inda ya koma. A tsohuwar Bagadaza akan wuni a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, a kwana a saman rufi. A kwarin Mizab na Aljeriya, inda mabiya mazhabar Ibadiyya suka fara kafa garuruwansu a ƙarni na 11, iyali kan kasance da gida a kan tudu da wani a cikin gonar dabino, inda suke komawa da zafi. A ƙasar Hausa kuma kowa ya san fitar da tabarma tsakar gida. Gidan laka yana aiki ne tare da masu shi.

Gari ma gini ne

Masu zane da masu shirya fina-finai sun saba nuna hamada a matsayin fili fetal, tudun rairayi bayan tudun rairayi, da raƙumi guda a nesa. Gaskiyar ita ce rairayi bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu na Sahara ba, sauran duwatsu ne da tsakuwa da faƙo. Kuma inda duk mutane suka zauna a cikinta, a cunkushe suka zauna, gida manne da gida, duk da yalwar filin da ke kewaye da su. Tsaro yana cikin dalilan, haka ma tattalin ƙasar noma da ke kusa da ruwa. Amma akwai lissafin zafi a ciki. Gidan da ke tsaye shi kaɗai rana tana dukan bangonsa huɗu. Wanda ya jingina da maƙwabta ta ɓangare uku, fuska ɗaya kawai ya bar mata. Lungu mai ƙunci tsakanin dogayen bangaye kuma ba ya ganin rana sai na ɗan lokaci da tsaka, sauran yinin a inuwa yake.

Gadamas ta kai wannan dabara ƙarshe. Yawancin lungunanta a rufe suke, gidaje sun hau kansu, an bar ramuka jefi-jefi don haske da iska, an kuma yi dakali a gefe inda dattawa ke zama. Ƙasan gida rumbu ne na ajiya. Hawa na tsakiya shi ne zauren iyali, ba shi da taga sai kafa guda a rufi, don haka aka shafe bangonsa da farar ƙasa, aka yi masa zane da jan launi, aka rataya madubai da kwanonin tagulla domin su ɗauki ɗan hasken su baza shi ko'ina. Adon da baƙo zai ɗauka ƙawa ce kawai, aikin fitila yake yi. Saman rufi kuwa na mata ne, kuma rufin gidajen a haɗe suke, mace tana iya ratsa unguwa ta ziyarci 'yan uwa ba tare da ta sauko lungun maza ba.

A Shibam da ke kwarin Hadramaut a Yaman, sama aka nufa. Garin yana kan ɗan tudu a tsakiyar kwarin da ambaliya ke bi, babu wurin faɗaɗawa, sai aka gina gidaje wajen 500 na tubalin laka masu hawa biyar zuwa goma sha ɗaya, wasu sun kusa mita 30. Yawancin tsarin garin na yanzu daga ƙarni na 16 yake. Bangon yana da kauri sosai a ƙasa, yana sirancewa yayin da ake hawa, don kada nauyi ya murƙushe gindin. Dogayen gidajen suna yi wa juna inuwa, ana kuma shafe samansu da farar ƙasa, wadda ke mayar da hasken rana tana kuma hana ruwa shiga.

Tsakar gida ita ma tana da aikinta. Iska mai sanyi ta fi mai zafi nauyi, don haka da dare takan gangaro daga rufi ta kwanta a tsakar gida, ta kutsa ɗakunan da ke kewaye. Idan filin bai cika faɗi ba kuma bangayen suna da tsayi, wannan iska takan daɗe a wurin har rana ta take.

Iska da ruwa

Randa da aka ajiye a inuwa tana sanyaya ruwa ne saboda jikinta yana tsattsafowa. Danshin da ya fito waje yana bushewa, kuma ruwa ba ya zama tururi sai ya ci zafi mai yawa: zafin da lita guda ke bukata kafin ta bushe gaba ɗaya ya ninka fiye da sau biyar wanda za a kashe a ɗauke ta daga sanyin ƙanƙara zuwa tafasa. Daga jikin randar da ruwan da ke ciki ake zaro wannan zafi. Gwargwadon bushewar iska, gwargwadon saurin aikin. A kan wannan ne Malam Mohammed Bah Abba ya gina dabararsa ta tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, don adana kayan miya a ƙauyukan Jigawa, wadda ta kai shi ga lambar yabo ta Rolex a farkon wannan ƙarni.

Mutanen Yazd, a tsakiyar hamadar Iran, sun yi wa gida sukutum wannan dabara. A saman gidajensu akwai dogayen hasumiyoyi masu tsaga-tsaga da suke kira badgir. Iskar sama ta fi ta ƙasa ƙarfi, ta kuma fi ta tsabta daga ƙura. An raba cikin hasumiyar gida-gida, ta yadda ɓangaren da ke fuskantar iska yake cafko ta ya tura ta ƙasa, ɓangaren da ya ba ta baya kuma yake zuƙo iskar ɗaki ya fitar. Ko iska ta tsaya cik, hasumiyar da rana ta gasa takan ja iskar ciki sama, sabuwa ta shigo ta ƙasa. A gindinta sau da yawa akwai ɗan tafki, iskar ta shafi ruwa ta huce kafin ta iso ga mutane. Hasumiyar da ke lambun Daulat Abad ta haura mita 33. A tsohuwar Alƙahira ma akwai irinta mai baki ɗaya, tana kallon arewa, inda iska mai sanyi ke fitowa.

Ruwan kuwa daga nesa ake kawo shi ta ƙarƙashin ƙasa. Akan haƙa rijiya a gindin dutse har a tarar da ruwa, sannan a haƙa rami a kwance mai ɗan gangare kaɗan, da rijiyoyi a jere a kansa don fitar da ƙasa da shigar iska, har ya ɓullo a gari, wani lokaci bayan kilomita masu yawa. Ruwan yana tafiya da kansa, ba inji, rana kuma ba ta shanye shi a hanya. Iraniyawa suna kiran wannan kanat. A Sahara sunansa fogara, ana samunsa a yankin Tuwat na Aljeriya, kuma da shi mutanen Garama suka yi noma a Fezzan tun kafin zuwan Musulunci. Har ƙanƙara Iraniyawa suka riƙa yi: da hunturu su zuba ruwa marar zurfi a bayan doguwar katanga mai tare rana, sararin dare ya zuƙe zafinsa ya daskare, su fasa su tara a rami ƙarƙashin tulluwa mai kauri, su sha da bazara.

Makiyayi ba zai iya ɗaukar bango a bayan raƙumi ba, don haka ya bi ta wata hanyar. Bukkar tabarmin kaba ta Abzinawan Azbin, wadda mallakar matar gida ce, da baƙin tantin gashin akuya na Larabawan ƙauye, ba sa ajiye zafi ko sanyi. Inuwa suke bayarwa, su bar iska ta ratsa, da rana ta faɗi kuma su huce nan take.

Ruwan sama, babban abokin gaba

Laka ƙasa ce da aka kwaɓa ta bushe, ba a gasa ta ba, don haka ruwa yana iya mayar da ita yadda take. Inda ruwan sama ya yi ƙaranci ƙwarai, har da gishiri ake gini. Ibn Baɗuɗa, da ya ratsa Tagaza a 1352 kan hanyarsa ta zuwa Mali, ya tarar da gidaje da masallaci na tubalin gishiri, an rufe su da fatun raƙuma. A Bilma, inda ruwan shekara bai kai milimita 20 ba, da ƙasa mai gishiri aka gina tsohon gari. Haɗarin hakan ya bayyana a dausayin Siwa na Masar, inda ruwan kwana uku a 1926 ya narkar da yawancin tsohon garin Shali, wanda ya yi ƙarni bakwai a tsaye.

Maganin shi ne yaɓe a kai a kai. Hasumiyar babban masallacin Agadas, mai tsayin mita 27, wadda ta fi kowace hasumiyar laka tsawo a duniya, an fara gina ta ne a wajen 1515, aka sake ta a 1844. Itatuwan da suka tsiro daga jikinta ta kowace fuska suna ɗaure ginin, kuma su ne matakalar da magina ke takawa idan za a yi mata sabon yaɓe. Tun ranar da aka gina ta aka yi tanadin gyaranta. A Jenne ta ƙasar Mali, yaɓen babban masallacin, wanda gininsa na yanzu na 1907 ne, biki ne na shekara da gari duka ke fitowa.

Ƙasar Hausa ta fi hamada samun ruwa nesa ba kusa ba, don haka maginanta suka ƙware a kariya. Suka yi makuba daga ɓawon ɗorawa, suka yi laso daga katsin marina da gashin jima da dafara, suka sa indararo mai tsawo don ruwan rufi ya zuba nesa da gindin bango. Duk da haka kowace shekara kafin damina sai an duba rufi an toshe tsaga. Karin maganar nan da ke cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ga magini ba misali ba ne, aikin yau da gobe ne. Ruwan da ake yi a 'yan shekarun nan kuma ya ƙara tsananta jarrabawar: a watan Satumban 2024 mamakon ruwa ya rushe tsohon masallacin Damagaram da aka gina a tsakiyar ƙarni na 19.

Wannan ɗawainiya ce ta sa jama'a suka rungumi siminti da kwano, kuma ba wauta suka yi ba. Wanda ke aikin albashi a birni ba shi da lokacin yaɓe, gayya ta ja baya, azara ta yi tsada saboda giginya ta ragu, ga kuma kallon da ake yi wa gidan ƙasa a matsayin shaidar talauci. An huta da gyaran shekara, aka ɗauki kuɗin fanka da janareto na kullum.

Masu neman tsaka-tsaki

Hassan Fathy, masanin zanen gine-gine ɗan Masar, ya gwada maido da laka a tsakiyar shekarun 1940, lokacin da gwamnati ta ba shi aikin gina sabon ƙauyen Gurna kusa da Luksor. Ya ɗauko maginan Nubiya daga wajen Aswan, waɗanda suka iya rufin baka da tubali ba tare da katakon tallafi ba. Gine-ginen sun yi kyau, sun yi sanyi, amma yawancin mutanen da aka yi dominsu suka ƙi tashi daga tsohon mazauninsu, inda abincinsu yake, aikin ya tsaya bai kammala ba. Fasahar ta yi daidai, shawara da masu gida ce ta yi ƙaranci.

Na bayansa sun ɗauki darasin. Francis Kéré na Burkina Faso ya gina makarantar firamare a ƙauyensu Gando a 2001 tare da mutanen ƙauyen, da tubalin ƙasa da aka matse da inji aka ɗan sa masa siminti. Bai ƙi kwano ba, sai ya ɗaga shi sama a kan ƙarafa, nesa da silin na tubali, ya bar iska tana wucewa a tsakani, ya kuma zarce da bakinsa don ya kare bango daga ruwa da rana. A 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi kyautar Pritzker, mafi girma a wannan fanni. A Nijar kuma Mariam Issoufou da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili sun mayar da tsohon masallacin Dandaji a jihar Tawa ɗakin karatu, suka gina sabon masallaci a gefensa da matsattsen tubalin ƙasar wurin, tare da maginan gargajiya, aka kammala a 2018.

Dabarun hamada ba za su yi aiki ko'ina ba. Suna bukatar busasshiyar iska da dare mai sanyi, don haka ƙarfinsu yana raguwa da damina, yana kuma raguwa yayin da aka nausa kudu. Amma daga Agadas zuwa Sakkwato, daga Damagaram zuwa Maiduguri, watannin da suka fi gallabar mutane su ne na busasshen zafi, daidai irin wanda aka ƙirƙiro su dominsa. Mai shirin gini a wannan yanki yana iya tambayar kansa tun kafin a haƙa harsashi: me zai shiga tsakanin kwano da kan iyalina, wane bango ne zai sha ranar yamma kuma nawa ne kaurinsa, ta ina iskar dare za ta shiga ta fita, wa zai yi mini yaɓe kuma nawa zan ware masa? Na'urar sanyaya ɗaki tana bukatar wuta a kowace awa, bangon ƙasa yana bukatar hannu sau ɗaya a shekara. Kowane mai gida ya san wanne daga cikin biyun ya fi samuwa a garinsu.